Taken Wa Muke Koya?

Yau in za mu koyi kiɗa, YouTube muke nufa, mu zaɓi bidiyon da ya fi nuna hannu: inda gula ke sauka, yadda hammata ke matse tsirkiyar kalangu. Amma kalangu magana yake yi, kuma maganar tana da mai ita. Taken mahauta daban, na 'yan dambe daban. Tambari kuwa sai sarki. Ɗan gidan makaɗa ya san haka tun yana ɗaukar kaya. Mu da muka tsinta kyauta, muna iya buga taken wani inda bai dace ba, hannu ya yi daidai, dattawa su sunkuyar da kai. Shi ya sa muke fifita malamin da ke faɗin mai taken, ko da hotonsa dishi-dishi ne.