Kayan rabon biki da kwatocin Tarauni

Duk wanda ya taɓa zuwa biki a Ƙauyen Alu ko Gyadi-Gyadi ya san yadda ake watsewa. Kowace mace da leda a hannu, a ciki ga ɗan bokiti, ga kofin roba, ga mazubin abinci, an manna musu hoton ango da amarya. Uwar biki ta fita kunya, har da bashi wani lokaci. Amma robar ba ta da ƙwari, kafin wata ya zagayo ta tsage an jefar.

Daga bola iska take kwasar ledar zuwa kwata. Idan ruwan Agusta ya sauko, magudanan Tarauni sun cushe, sai ya bi lungu ya shiga ɗakunan mutane, ragowar ya kwanta sauro ya hayayyafa. Awaki na cin leda a juji, mahauta kuma sun sha ciro ta daga tumbin dabba. Mai ƙona ta a ƙofar gida yana shaƙa wa yara hayaƙi mai cutarwa. Motocin hukumar kwashe shara ta REMASAB da sharar Asabar ɗin ƙarshen wata ba za su iya da abin da ake zubarwa kullum ba.

Wasu sun riga sun ɗauki mataki. Ruwanda ta hana leda tun 2008, Kenya a 2017, jihar Legas kuma ta haramta farin mazubin abinci na soso a 2024.

Abin takaicin shi ne Kano ba ta rasa abin bayarwa ba. Kasuwar Kurmi, wadda ke ci tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, cike take da faifai, mafici, kwando, ƙwarya, ludayi da jakar fata. Marinar Ƙofar Mata na nan tana rini. Waɗannan kayan suna daɗewa, in sun tsufa ƙasa ta cinye su, kuɗinsu kuma aljihun masaƙa da dukawa yake shiga. Ranar suna, dashen mangwaro ko zogale kyauta ce da jariri zai girma ya tarar, sadaka ce kuma mai gudana.

Tsoron gori ne ke sa a tara tarkace, don kada a ce wance ba ta yi rabo ba. To iyayen biki da ƙawayen amarya su daure su raba abu ɗaya mai amfani. Limamai da masu unguwannin Tarauni kuma su riƙa faɗar wannan a wajen ɗaurin aure, tun kafin damina ta kama.