Sauti da Lafiyayyiyar Koyarwa

Karatu: 2 Timoti 4:1-5, Ayyukan Manzanni 2:1-41

Akwai kalmar Turanci guda da ko tsohuwar da ba ta taɓa shiga aji ba ta san ta a majami'armu, wato "sound". Lasifika ta yi ƙugi a tsakiyar sujada, sai kowa ya waiwaya yana cewa, "Ina yaron sound?" Idan za a yi taron bishara a fili, kuɗin hayar sound ne abu na farko da kwamiti ke lissafawa. A bakinmu ma'anarta ɗaya ce: sauti, ƙara, abin da kunne ke ji.

Amma Bature yana da wata "sound" ta biyu. Rubutunsu ɗaya, furucinsu ɗaya, asalinsu dabam. Ta farkon daga Latin ta fito, ta bi ta Faransanci. Ta biyun tsohuwar kalmar Ingilishi ce, 'yar'uwar "gesund" ta Jamusanci, ma'anarta lafiyayye. Da ita suke yaba ginin da ba shi da tsaga, da barci mai nauyi, da hankalin mutumin da ya san abin da yake yi lokacin rubuta wasiyya.

Wannan ta biyun ce fassarar King James ta 1611 ta ɗauka a wasiƙun Bulus zuwa ga Timoti da Titus, inda yake maganar koyarwa. A makarantar tauhidi na fara ganin kalmar Helenancin da ke wurin, "hugiaino", zama da ƙoshin lafiya. Ita ce Luka, wanda likita ne, ya rubuta a 15:27, inda bawa ke shaida wa babban ɗa cewa ƙanensa ya dawo gida lafiya lau. Ashe koyarwa ma tana iya zama lafiyayya, tana kuma iya kamuwa da ciwo ta harbi masu jinta. Abin da Bulus ke tsoro ke nan: lokacin da mutane za su tara wa kansu malamai masu sosa musu kunne.

Kada wani ya ce na ƙi ƙara. Mu 'yan Fentikos ne! Ranar da Ruhu Mai Tsarki ya sauko a Urushalima, ƙara ce ta cika gidan, jama'a kuma suka taru. Amma ku duba da kyau, ba a nan mutane suka tuba ba. Sai da Bitrus ya miƙe ya buɗe annabi Yowel da Zabura, ya nuna musu Yesu da aka gicciye, Allah kuma ya tashe shi, kafin maganar ta soki zukatansu, aka yi wa wajen mutum 3,000 baftisma.

Na taɓa halartar wani taro inda lasifika ta girgiza unguwa har tsakar dare. Da safe na tambayi wata 'yar'uwa me aka koyar. Ta yi dariya ta ce, "Kai, Mai bishara, wuta ta sauka!" Na ce daga wace aya? Shiru. Ban ga laifinta ba, mu masu riƙe makirufo ne ba mu ba ta abin da za ta kai gida ba.

Ran Lahadin nan ka zo da Littafi Mai Tsarki da biro. Rubuta ayar da aka yi wa'azi a kanta, da yamma ka karanta surar gaba ɗaya, kamar yadda mutanen Biriya suka yi da wa'azin Bulus kansa.

Addu'a: Ya Ubangiji, ka albarkaci samarin da ke kula da na'urorinmu, ka kuma tsare bakin duk wanda zai hau bagadi a wannan mako. Cikin sunan Yesu, amin.