SHIN CIWON DAMUWA RAUNIN IMANI NE?

A gidajenmu na Kankiya da Kusada, idan mace ta daina cin abinci, barci ya ƙaurace mata, abu kaɗan sai kuka, hukuncinmu ɗaya ne cikin biyu: ko ba ta da tawakkali, ko an yi mata sammu. Na farko zalunci ne gare ta. Na biyu yakan zama ƙazafi ga kishiya, kuma kun san matsayin ƙazafi.

Annabi Yaƙub (AS) ya yi baƙin cikin rabuwa da Yusuf har idanunsa suka yi fari. Wa zai tuhumi imaninsa? Malamin nan Abu Zaid al-Balkhi, wanda ya rasu a shekarar 934 Miladiyya, ya bambanta baƙin ciki mai sanannen dalili, kamar rasuwa ko asara, da wanda ke sauka haka kawai, ya ce tushen wannan a jiki yake, magani yake bukata.

Likitocin yau sun ƙara rarrabewa. Akwai mai tsanani, wanda ke wuce mako biyu yana hana mutum harkokinsa. Akwai mai sauƙi amma naci, shekara biyu ko fiye, har a ce wance ai halinta ne. Akwai kuma mai juyi biyu, ƙunci na wani lokaci, sannan zumuɗi da yawan surutu da rashin barci. Shi maganinsa daban ne, maganin damuwa kaɗai na iya tayar da shi.

Wanda ya fi damuna shi ne na bayan haihuwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ciwon damuwa yana samun fiye da mace 10 cikin 100 na masu ciki da masu jego. 'Yar ƙwalla a kwanakin farko ba komai, tana wucewa cikin mako biyu. Amma ga yarinya ta zo wankan gida, ana ta ruwan zafi da kunun kanwa har arba'in, ba mai tambayar zuciyarta. Ta ƙi ɗaukar jariri, sai mu yaba, wai kunyar ɗan fari ce. To, Inna, wata kunyar ciwo ce.

Ban hana ruƙiyya ko addu'a ba, ni ma su nake koyarwa. Sai dai mai ciwon suga ma tana addu'a tana shan magani. Ana warkar da damuwa ta hanyar zama da ƙwararre a tattauna, ko ƙwayoyi irin su fluoxetine da amitriptyline, ko a haɗa. Sukan ɗauki makonni kafin a ji sauƙi, kuma a ci gaba da sha aƙalla wata 6 bayan an warware, ba a yankewa sai da izinin likita.

A fara da Babban Asibitin Kankiya. In abin ya fi ƙarfinsu za su tura gaba, akwai asibitin Dawanau a Kano da na Barnawa a Kaduna. Wadda ta fara maganar kashe kanta, ko cutar da jaririnta, ko tana jin muryoyi, kada a bar ta ita kaɗai, kada kuma a jira maigida ya dawo daga tafiya. A kai ta a ranar.