RIBA DA RIBA: KO YARDA TANA HALATTA HARAM?

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu (S.A.W.) da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, ya kai ɗan'uwa saurayi, ka sani Bahaushe ya ari kalmomi biyu daga Larabci, rubutun boko ya zo ya gama su wuri ɗaya. Akwai riba ta ribhu, wato abin da ɗan kasuwa ya samu a kan uwar kuɗinsa bayan ya saya ya sayar. Wannan halal ce. Akwai kuma riba ta kuɗin ruwa, wadda aya ta 275 ta Suratul Baƙara ta haramta a daidai wurin da ta halatta ciniki. A baki akwai bambanci, a takarda babu. Abin tsoro shi ne da yawanmu ko a zuciya babu.

Dubi manomi a watan Agusta, rumbu ya ƙare, gero bai nuna ba. Mai hali ya ba shi buhu ɗaya a kan in kaka ta yi ya biya biyu. In ka yi magana sai ya ce maka: ai taimako na yi, kuma shi ya yarda, ban tilasta shi ba.

To, tsaya mu duba wannan yardar. Gaskiya ne aya ta 29 ta Suratun Nisa'i ta sanya yardar juna sharaɗi a fatauci. Amma sharaɗi ɗaya ne cikin sharuɗɗa, ba shi ne duka ba. 'Yan caca ma ai sun yarda, wa ya ja su? Yarda tana aiki ne a cikin abin da Allah Ya bar maka zaɓi. Sannan wace irin yarda ce ga mutumin da 'ya'yansa suka kwana da yunwa?

Kuma ga ƙofa a buɗe, sunanta salam. Annabi (S.A.W.) ya iso Madina ya tarar ana biyan kuɗin 'ya'yan itace tun shekara ɗaya ko biyu kafin a girbe. Bai hana ba, sai ya yi umurni a ambaci mudu, da awo, da lokaci. Ka ba manomi kuɗi, ba hatsi ba, ka biya duka a majalisin ciniki (Malikiyya sun yi rangwamen kwana 3), shi kuma ya kawo gero da kaka. In farashi ya tashi ka ci, in ya faɗi ka ɗauka. Wannan ɗaukar kasadar ita ta raba ka da mai kuɗin ruwa, wanda nasa tabbas ne ko fari aka yi. Ko da yake wani zai karya farashin salam ɗin har ya yanki talaka. Cinikinsa ya ƙullu, amma Allah Yana ganinsa.

Haka sarfu, wato canjin kuɗi. Naira da dala ku daidaita yadda kuka so, muddin hannu da hannu ne. Naira da naira kuwa sai daidai wa daida. A farkon 2023, da takardun kuɗi suka yi wuya, an ga samari sun mai da naira haja, suna kiran ƙarin "caji". Ladan aiki daban, cin ƙuncin mutane daban.

Kada kuma sunan Larabci ya ruɗe ka. Tun da bankin Jaiz ya fara aiki a 2012, kalmar murabaha ta shiga bakin 'yan kasuwa. Murabaha ita ce mai kaya ya gaya maka nawa ya saya, da nawa ya ɗora. Duk wanda ya miƙo maka takarda da wannan suna, banki ne ko maƙwabci, tambaye shi abu biyu kafin ka sa hannu. Ya mallaki kayan kafin ya sayar maka? In ka makara wajen biya, zai ƙara wani abu ya sa aljihunsa?

Wallahu a'alamu.