Saranda: Ga Wa Za Mu Miƙa Wuya?

Kafin a soma wannan darasi, bari shugaban aji ya sa a karanta Irmiya sura 38, daga aya 14 zuwa 23, kowa yana bi a cikin nasa littafin.

Asalin kalmar

Akwai wata kalma da mu ke ji a bakin yaro da babba, watau saranda. Daga Turanci muka aro ta, inda a ke rubuta ta *surrender*. Mutanen Ingila su ma aro suka yi daga tsohon Faransanci fiye da shekara 500 da suka wuce, tushenta kuwa shi ne a ba da abu a hannun wani. A Turanci hanyoyin amfani da ita uku ne manya. Na fari, rundunar da aka fi ƙarfinta ta kan ajiye makamai, ta ba da kanta ga abokan gāba. Na biyu, mutum ya kan miƙa wani abu nasa ga hukuma, ko bindiga, ko fasfo, ko mulki. Na uku, mai laifin da a ke nema ya kan je da ƙafarsa ya ba da kansa ga 'yan sanda. Mu lura fa, a cikin dukan ukun nan akwai mai bayarwa, akwai kuma mai karɓa.

Tarihi ya ba mu misalai. Ran 2 ga Satumba, 1945, wakilan Japan suka hau jirgin ruwan yaƙi na Amurka mai suna Missouri a gaɓar Tokyo, suka sa hannu a takardar saranda ba tare da sharaɗi ba. Nan ne ƙarshen babban yaƙin da ya kai sojojin ƙasarmu har Burma. Ran 15 ga Janairu, 1970 kuma, Philip Effiong ya zo Legas ya miƙa wuya ga Janar Yakubu Gowon, yaƙin basasa ya ƙare, Gowon kuwa ya yi shelar cewa babu wanda ya ci, babu wanda aka ci. Wanda ya ajiye makami ba shi da sauran iko a kan abin da za ya same shi. Ransa ya rataya ga halin wanda ya karɓe shi.

A bakinmu kalmar ta ƙara wata ma'ana. Ɗalibin da jarrabawa ta kayar sau biyu ya kan ce ya yi saranda, haka ma matar da ta gaji da yi wa mijinta addu'a. Waɗannan ba su miƙa kansu ga kowa ba. Abin da suka yi shi ne fid da zuciya, Littafi Mai Tsarki kuwa ya hana mu shi, gama Bulus Manzo ya gargaɗi Galatiyawa a sura 6 kada su gaji da aikin nagarta, domin kaka tana zuwa a lokacinta. Fid da zuciya kamar a yar da kaya ne a kan hanya. Miƙa wuya ga Allah kuwa, a kai kayan ne ga mai shi.

Sarkin da ya ƙi

A cikin karatunmu, rundunar Nebukadnezzar sarkin Babila ta kewaye Urushalima, yunwa ta yi tsanani a birnin. Sarki Zadakiya ya kirawo Irmiya a asirce, ya nemi maganar Ubangiji. Annabin ya faɗa masa sarai, idan ya fita ya ba da kansa ga hakiman Babila, za ya rayu shi da gidansa, ba kuwa za a ƙone birnin ba. Idan ya ƙi, wuta za ta ci birnin, shi ma ba za ya tsira ba. Gama Allah ne da kansa ya ba da birnin a hannun Kaldiyawa, saboda haka fita wurinsu biyayya ce ga Allah.

Mene ne ya hana sarkin? Da bakinsa ya faɗa. Yana tsoron Yahudawan da suka riga suka koma wajen Kaldiyawa, kada a ba da shi a hannunsu su wulakanta shi. Ya ji tsoron ba'ar mutane fiye da maganar Allah. Wajen shekara ta 586 kafin haihuwar Almasihu, a shekara ta 11 ta sarautarsa, aka huda garun birnin. Ya gudu da dare, aka kama shi a filayen Yariko, aka kai shi Ribla. Nan aka yanka 'ya'yansa a gabansa, aka ƙwaƙule idanunsa, aka tafi da shi Babila cikin sarƙoƙi. Durƙuson da ya ƙi yi da yardar ransa, ya yi shi tilas, ba tare da albarkar da aka yi masa alkawari ba. Gaskiyar masu iya magana, girman kai rawanin tsiya ne.

Hannun da ya isa a amince da shi

Dawuda ya fi shi sanin Allah. Sa'ad da annabi Gad ya sa hukunci uku a gabansa ya zaɓa, a cikin 2 Sama'ila sura 24, ya gwammace ya faɗa hannun Ubangiji da ya faɗa hannun mutum, domin ya san jinƙan Ubangiji da yawa ya ke. Mu dubi Yahuza da Bitrus kuma. Dukansu biyu sun yi wa Ubangijinsu laifi a dare ɗaya. Yahuza ya fid da zuciya, ya hallaka kansa. Bitrus ya yi kuka mai zafi, ya koma wurin wanda ya yi musun sani, aka kuwa danƙa masa kiwon tumaki.

Babban misalinmu Yesu ne. A gonar Getsamani ya sa nufinsa ƙarƙashin nufin Uba, ko da shi ke yana da ikon roƙon rundunan mala'iku fiye da 12. Babu wanda ya fi ƙarfinsa, ƙauna ce ta sa ya ba da ransa. Saboda haka sa'ad da Bulus ya roƙe mu a Romawa sura 12 mu miƙa jikunanmu hadaya mai rai, ya kafa roƙon nan a kan jinƙan Allah. Wanda a ke kiranmu mu ba shi kanmu, shi ne ya fara ba da kansa dominmu.

Ƙaunatattu, da yawa daga cikinmu muna so mu miƙa wuya da sharaɗi. Mun ba Allah ranar Lahadi, mun riƙe mudun kasuwa. Mun ba shi waƙar bakinmu, mun riƙe ƙiyayyar da mu ke yi wa ɗan'uwa saboda iyakar gona. Mun zo majami'a, laya tana ƙarƙashin matashi. Sojan da ya ɗaga hannu ɗaya, ɗayan yana riƙe da wuƙa, bai yi saranda ba tukuna.

Tambayoyi domin tattaunawa

1. Ina bambancin fid da zuciya da miƙa wuya ga Allah?
2. Zadakiya ya ji tsoron bakin mutane. Bakin su wa mu ke tsoro yau?
3. Wane abu ne mu ke ɓoyewa har yanzu, ba mu sa shi a hannun Ubangiji ba?

Addu'a

Ya Ubangiji Allahnmu, mai yawan jinƙai, ka tsare mu daga fid da zuciya, ka kuma karya girman kanmu. Ka karɓe mu duka, da gidajenmu, da aikin hannuwanmu, cikin sunan Yesu Almasihu Mai Cetonmu. Amin.