Shin Abin da Ya Lalace Yana Iya Gyara Kansa? Nazari a kan Mayar da Kwamfuta Asalinta ba tare da Faifai ba

A shekarun baya, wanda ya sayi sabuwar kwamfutar cinya yakan tarar da faifai ɗaya ko biyu a cikin kwalinta, ɗauke da kwafin babbar manhajar na'urar, wato manhajar da ke tafiyar da dukkan sauran manhajoji kuma take shiga tsakaninsu da sassan na'ura, domin idan ta lalace a zura faifan a sake girka ta. Daga baya kamfanoni suka daina haɗa faifan, suka koma ware wani ɓoyayyen sashe a cikin rumbun ajiyar kwamfutar suna adana kwafin a can, ta yadda mai HP zai danna F11 yayin da na'urar ke tashi, mai Acer ya haɗa Alt da F10, sai ta mayar da kanta yadda ta fito daga masana'anta. Kamfanin Apple ya bi wannan hanya a 2011, ya ƙara da damar sauko da manhajar ta intanet, Microsoft kuma ta shigar da tsarin sake saita na'ura cikin Windows 8 a 2012, kafin ta kawo saukowa ta intanet a 2020. Wannan sauyi, wanda a zahiri batun sauƙi ne da rage tsada, ya taɓo wata tsohuwar tambaya ta masana falsafa da malaman tauhidi, ita ce ko abin da ya gurɓace yana iya zama madogarar gyaran kansa.

A kallon farko na'urar ta amsa da cewa yana yiwuwa, tunda ba a kawo mata komai daga waje ba amma ta warke. Sai dai idan aka duba da kyau za a ga cewa abin da ya gyaru daban ne da abin da ya yi gyaran, ko da yake kwali ɗaya ya haɗa su. Lokacin da aka danna madannin, babbar manhajar da ta lalace ba ita ce ke tashi ba. Wata ƙaramar manhaja ce ta dabam, wadda ke zaune a ɓoyayyen sashen, take karɓar ragamar na'urar, ta share gurɓataccen ɓangaren sannan ta shimfiɗa sabo a gurbinsa, kuma ba ta iya yin haka sai don an keɓe ta tun farko daga hada-hadar yau da kullum. Ranar da ɓarnar ta kai gare ta, kamar idan rumbun ajiyar ya mutu baki ɗaya ko mai gyara ya yi masa fomatin ya haɗa har da ita, sai a danna F11 a ga ba abin da ya motsa. Manomin da ya ajiye irin shukarsa a rumbun da yake ɗibar abinci ya tsira daga wahalar nema, amma gobara ɗaya ta ishe ta raba shi da abincin bana da amfanin baɗi.

Malaman tauhidi suna da kalmomi biyu da suka dace da wannan matsala, waɗanda duk ɗalibin da ya karanta Ummul Barahin ta Shehu Muhammad bin Yusuf al-Sanusi, mutumin Tilimsan da ya rasu a 1490, ya haɗu da su a zaure. Ta farko ita ce dauri, wato abu ya dogara da wani abin da shi ma ya dogara da na farkon, ta biyu kuwa tasalsuli, wato dogaron ya yi ta miƙewa baya ba tare da ya tsaya a ko'ina ba, kuma hankali bai yarda da ko ɗaya daga cikinsu ba. Injiniyoyin kwamfuta sun ci karo da wannan siga ta hujja a aikace. Ƙaramar manhajar gyara tana buƙatar mai tabbatar da ingancinta, shi ne tsarin da ke cikin allon na'urar wanda ke duba sa-hannun sirri na kowace manhaja kafin ya bar ta ta tashi, shi ma wannan tsarin yana buƙatar mai tabbatar da shi, har sai an kai ga wasu 'yan umarni da makullan sirri da aka dasa tun a masana'anta, waɗanda ba wanda ke bincikarsu, kuma ake kiransu tushen aminci. Wajibi ne a lura cewa kamannin ya tsaya ne a sigar hujjar kawai, domin tushen da na'ura ta dogara da shi ƙagagge ne kamar sauran sassanta, sarƙar kuwa ta ƙare a wurinsa ne saboda mutane sun yanke shawarar ta ƙare a nan.

Daga nan ne tambayar ta ƙara nauyi, domin idan ɗan Adam ne ya aje asalin da ake komawa gare shi, to babu tabbacin cewa asalin tsarkakakke ne. A watan Fabrairun 2015 aka bankaɗo cewa kamfanin Lenovo ya sayar da wasu kwamfutocin cinya ɗauke da manhajar talla mai suna Superfish, wadda ke kutsawa tsakanin mai na'ura da shafukan da ya kamata a ce sadarwarsu a sirrance take, kuma ta bar ƙofa a buɗe ga ɓarayin bayanai. Wannan cuta daga masana'anta ta fito, saboda haka mayar da irin wannan na'ura asalinta daidai yake da mayar mata da cutarta. Tun a 1984 Ken Thompson, ɗaya daga cikin waɗanda suka ƙirƙiro babbar manhajar Unix, ya nuna cewa ana iya dasa ha'inci a cikin manhajar da ke fassara rubutun masu tsara manhaja zuwa umarnin na'ura, ta yadda karanta rubutun layi bayan layi ba zai tona komai ba, ya kuma kai ga cewa a ƙarshe mutanen da suka yi aikin ake amincewa da su.

Imam al-Ghazali, wanda ya rasu a 1111, ya bi irin wannan hanya a kan ilimin ɗan Adam kansa. A cikin littafinsa al-Munƙiz minad Dalal ya bayyana yadda ya daina sakankancewa da gaɓoɓin ji da gani bayan ya lura cewa ido yana ganin inuwa a tsaye alhali tana tafiya, yana kuma ganin tauraro ƙarami alhali lissafi ya nuna girmansa, sannan ya tambayi kansa ko akwai wani alƙali a bayan hankali da zai ƙaryata shi kamar yadda hankalin ya ƙaryata ido. Bai sami mafita ta hanyar jera hujjoji ba, tunda kowace hujja da hankalin da ake tuhuma za a gina ta, ya ce waraka ta zo masa ne bayan kimanin wata biyu ta wani haske da Allah Ya jefa a ƙirjinsa. Masu bin falsafar zamani suna iya jayayya da amsarsa, amma da wuya su kauce wa yadda ya fayyace matsalar, kuma abin da injiniyoyi suka tarar ya ƙarfafa shi.

Saboda haka kawar da faifai bai kawar da buƙatar madogara ta waje ba, ya dai ɗauke ta daga hannun mai na'ura ya mayar hannun kamfani, kuma wannan ba ƙaramin al'amari ba ne ga wanda yake nesa da kamfanin. Saukowa ta intanet takan ci data fiye da gigabait 4, tana kuma son wutar da ba za ta ɗauke a tsakiyar aiki ba. Da yawa daga cikin kwamfutoci na hannu da ake sayarwa a kasuwanni irin su Farm Centre a Kano sun zo ne bayan an share rumbunsu ko an canza shi, saboda haka ɓoyayyen sashen ya tafi tun kafin su iso, sai mai na'ura ya dogara da filashin mai gyara, wanda sau da yawa bai san daga inda aka samo abin da ke cikinsa ba. Amanar da ke wuyan mai gyara a nan ta fi ƙarfin kuɗin aikin da ake biyansa, domin a wannan lokacin shi ne ya zama tushen amincin na'urar.

Abin da ya dace da mai kwamfuta shi ne ya tanadi nasa kwafin tun na'urar tana da lafiya. Microsoft tana ba da manhajar haɗa filashin girka Windows kyauta a shafinta, filashi mai gigabait 8 ya wadatar, kuma wurin ajiye shi ya kamata ya zama daban da jakar da kwamfutar ke ciki.