Ranar da Ɗari Ya Saki Gari

Ya kai mai karatu, ka san yadda hunturu yakan riƙe Birnin Kebbi tun daga watan Disamba har cikin Fabrairu. Iska tana busowa daga Hamada da ƙurarta, hazo ya rufe fadama har ba a ganin ƙetaren gulbi, leɓe ya tsage, tsofaffi suna kwana bakin wuta da tari. Sa'an nan wata safiya, ran Asabar ko Lahadi, ka fito ka iske gari ya washe, hantsi yana da ɗumi, bai kai ga ƙuna ba tukuna. Yara sun yar da mayafi, kowa yana marmarin fita.

Sabon mai bi yakan ce a ransa, ko ya halatta in ji daɗin wannan rana? Gama ya ji an ce a guji sha'awar duniya, sai ya zaci murna kanta zunubi ce. Ba haka ba ne. Wanda ya halicci rana shi ne ya sanya hutu, domin jinƙai ya ba mu su. Ubangijinmu Yesu ya ratsa gonaki da almajiransa ran Assabbaci, ya zauna bakin teku wurin masunta, ya kuma tafi biki a Kana. Murtuke fuska ba ibada ba ce. Ka fita, ka sha hantsi, ka kai 'ya'yanka su ga shinkafar rani a fadama.

Amma ka kiyaye abu biyu. Na fari, godiya ta riga yawo: idan Lahadi ce, ka je sujada tukuna. Kada kuma ka kai guminka na kwana shida wurin giya da caca, ka komo da maraice gida ba hatsi.

Na biyu ya fi wuya. Ka tuna da Argungu. Shekaru masu yawa akwai gaba da yaƙi tsakanin Kabawa da Sakkwato. A shekara ta 1934 Sarkin Musulmi Hasan ɗan Mu'azu ya ziyarci Argungu, aka yi su domin girmama shi. Daga nan bikin kamun kifi ya kafu, wanda ake yi a Matan Fada, masunta suna faɗawa ruwa da homa da gora. Murnar nan tushenta sulhu ne.

To, kai fa? Watakila tun ran da ka karɓi bangaskiya akwai wanka ko kawunka wanda ya daina amsa gaisuwarka, kai kuma ka daina zuwa. Dukan hunturu ka fake da sanyi da ƙura. Yau wannan hujja ta ƙare. Ka ɗauki goro ko ɗan kifi, ka tafi ƙofarsa, ba domin gardamar addini ba, sai domin zumunci. Idan tsohuwarku tana kwance, ka shimfiɗa mata tabarma a hantsi, ka zauna kusa da ita. Ko an karɓe ka ko an kore ka, ka gaishe su da ladabi, ka yi musu addu'a a hanya.

Kada ka ce sai wani mako. Kwanakin nan kaɗan ne. Kafin Afrilu zafin bazara zai kore kowa zuwa inuwa. Allah ya ba ka zuciyar tashi tun da hantsi.